Ciki Ko Wajen Shinge

Rana ba ta gama fitowa ba Matija mai haƙar kabari ya turo baronsa cike da kwal har bakin ƙofata, ya tsaya yana hura wa yatsunsa iska.

"Filomena, a ina zan kunna? Ciki ko waje?"

"Ciki mana! Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"Fada bai ce ba tukuna."

"To me ya kawo ka gidana? Je ka tambayi Fada."

"Daga can nake. Ya ce in ji ko kin samo matar." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ni dai kafin rana ta take nake so in kunna. In ta wuce, ƙasa ba za ta saki ba kafin gobe, kuma wata dusar ƙanƙarar na tafe. Gwiwata ta faɗa mini."

A nan jihar Utah ta Amurka in sanyi ya kankama ƙasa daskarewa take yi, ka kai mata diga ya dawo maka a goshi. Sai an tara kwal a kan wurin an hura, wuta ta wuni ta kwana tana ci, sannan a iya haƙa. Saboda haka inda Matija ya kunna wutarsa nan ne kabari, magana ta ƙare. Hurumin cocinmu kuwa shingen waya ne ya kewaye shi. Ciki ƙasa ce da aka sa wa albarka, kuma nan mijina Gaetano yake tun shekarar da rufin ramin kwal ya rufto masa. Waje, ta gefen layin dogo inda tokar jirgi ke sauka, akwai wani ɗan fili da babu ko gicciye. Nan ake sa jariran da suka mutu ba baftisma.

Jikana yana kwance a ɗakin baya inda nake rataye nama, an naɗe shi cikin farin tawul. Ubansa Attilio yana bayan gida yana goge katakon akwati tun jiya, ya goge ya sake gogewa.

'Yata Nunzia tana zaune ne can saman kwari, a gidajen kamfanin kwal, bango ɗaya da yayanta Dario. Naƙuda ta zo mata da cikin wata bakwai ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya, maza duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ba likita, ba ungozoma, ba ni. Sai Verla matar Dario kaɗai. Yaron ya zo da rai, ɗan mitsitsi, yana buɗe baki kuka ba ya fita. Nunzia ta ce iyakar abin da ta tuna shi ne ta yi ihu, "Verla, yi masa baftisma!" daga nan ta suma. Da ta farfaɗo ta tarar an rufe masa fuska. Ta tambayi Verla, Verla ta juya baya ta shiga wanke-wanke. Da aka share hanya Dario ya sauko mini da uwa da gawa, Verla ba ta biyo su ba.

Tun da yammacin jiya na je wa Fada Kilbane, limamin cocinmu, da maganar.

"In rai na fita kowa na iya yin baftisma, Filomena," ya ce, "mace ko namiji, ko wanda bai taɓa shiga coci ba. Abu uku ne: ruwa, da kalmomin, da niyyar yin abin da Coci ke yi. Amma kin san mutanen surukarki. Bakinsu na cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kamar namu, abin da suke nufi kuwa daban ne. Ban ma san ko ta yi ba."

"Ta yi. Zan rantse maka."

"Kina wurin?"

"Ba na wurin, amma zan rantse."

"Shi ya sa nake son in ji daga bakinta. Kawo mini ita."

Bayan Matija ya juya baronsa na hau sama da kwanon romo. A ɗakina na sauke Nunzia, amma ta ƙi gado, ta ja kujera ta kafe a gaban taga. Daga tagar nan ana hango hurumin a gangaren tudu, da shingen da komai. Nono ya kawo mata ya jiƙa gaban rigarta, ita ko kula ba ta yi ba.

"Sha ko cokali ɗaya ne."

"Mama, in a waje aka sa shi, Limbo ya tafi ko?"

"Wa ya ce miki a waje za a sa shi?"

"Sista ta koya mana a makarantar coci tun muna yara. Ba wuta, ba azaba, amma ba zai ga fuskar Allah ba har abada. Ni kuma ko na shiga Aljanna ba zan tarar da shi a can ba. To me zan je yi?"

"Rufe mini baki! Kina so ki jawo mana wani abin a kan wannan?"

"Zan ga hayaƙin daga nan," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Ba sai kowa ya faɗa mini ba."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar Gaetano. Na san halin 'yata. In hayaƙin nan ya tashi a wajen shinge, binnewa biyu zan yi kafin ƙanƙara ta narke. Na dire romon a gefenta, na sauko ina ƙwala wa Dario kira ya ɗaura wa tayoyi sarƙa.

Ni da Verla tun farko jininmu bai haɗu ba. 'Yar cocin Mormon ce, jikar mutanen Denmark, doguwa fara sol kamar kwaɓin burodin da ba a gasa ba. Ba ta shan kofi, ba ta taɓa giyar inabin da nake haɗawa da hannuna. Ka miƙa mata ta ce "na gode, Mama" da wani murmushi da zai sa ka ji kamar guba ka ba ta. Dario bai shiga addininta ba, amma ya daina zuwa Mas a cocinmu, a wurina kuwa duk kanwar ja ce. Abin da ya fi ci mini rai 'ya'yansu biyu ne, suna ta guje-guje a tsakar gida ba baftisma, wai sai sun kai shekara takwas sun san dama da hagu. Na yi kuka, na yi zagi, a banza. Littafinsu, in ji ta, ya ce yi wa jariri baftisma ba'a ce ga Allah, tunda jariri ba shi da zunubin da za a wanke. To wannan ce matar da makomar jikana ke bakinta.

Da muka isa gidansu na same ta a kicin tana dirzar farin kwanon da take kwaɓa burodi. Kwano yana ƙyalli, ita tana ta dirza. Idanunta sun faɗa.

"Kin yi ko ba ki yi ba?" Ko gaisuwa ban tsaya yi ba.

"Sannu da zuwa, Mama. Yaya jikin Nunzia?"

"Jikin Nunzia yana bakinki. Kin yi?"

Ta dubi kwanon. "Na yi wani abu. Ban ce ya yiwu ba."

"Kin sa masa ruwa?"

"Na sa."

"Kin faɗi Uba da Ɗa da Ruhu?"

"Na faɗa."

"To mene ne bai yiwu ba? Ɗauko rigar sanyinki."

"Mama, akwai abin da ya kamata ki…"

"Ki bar shi a cikinki! A gaban Fada 'e' kawai nake son ji."

Mu uku muka cusa kanmu a gaban akori-kurar Dario, ni a tsakiya. Hanya santsi, sarƙoƙi na ƙara, mota na rarrafe, rana kuwa sai hawa take kamar da gayya. Na kasa zama wuri ɗaya.

"Zai tambaye ki Allah," na ce. "Bari mu gwada tun yanzu. Allah nawa ne?"

"Uba yana nan, Ɗa yana nan, Ruhu Mai Tsarki yana nan."

"Ban ce ki ƙirga mini kaji ba. Ɗaya ne ko uku?"

"Uku ne, Mama, kowa da kansa. Amma nufinsu ɗaya, bakinsu ɗaya, ba sa saɓawa."

"Ya Maryamu! Kwamitin ƙungiyar ma'aikata kenan."

"Su ai kullum cikin saɓawa suke," in ji Dario.

"Kai dubi hanya! Ke kuma buɗe kunne. Allah ɗaya ne tak. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, amma ba Allah uku ba ne, ɗaya ne. Maimaita."

"To da Yesu ke addu'a a lambu yana kuka, da wa yake magana? Da kansa?"

"Da Ubansa!"

"Ai kin ce ɗaya ne."

"Asiri ne! Ba a ce ki gane ba, cewa aka yi ki yarda. Ni da na tsufa ina faɗa na gane ne? Mu wuce. Zai ce miki, Allah yana da jiki? Ki ce a'a, ruhu ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, yana ko'ina."

"Yana da jiki, Mama. Nama da ƙashi, sai dai ba ya ciwo ba ya mutuwa. Cikin kamanninsa ya yi mu, haka yake a rubuce, har a naku."

"Allah mai farce! Allah mai haƙarƙari! Wa ke yi masa aski?"

"Hoton da ke saman gadonki fa? Tsoho ne mai farin gemu, a kan gajimare, ya miƙo hannu."

"Wannan ai zane ne!"

"To ku kuka zana, mu muka yarda."

Dario ya yi wani tari da na san dariya ce. Na kai masa gwiwar hannu a ciki, mota ta yi 'yar rawa ta nufi rami, duk muka yi tsit har ya daidaita ta.

"An ce ma," na ci gaba, don ban iya barin magana a ƙasa ba, "kun ce shi ma a da mutum ne irin Dario, ya yi ta ƙaruwa har ya zama Allah."

"Ba irin Dario ba."

"Na gode," in ji Dario.

"Ana faɗa a wurinmu, ban san zurfinta ba. Abin da na riƙe shi ne uba ne na gaske, ba uban baki ba. Ɗa kuma in ya girma kama da ubansa yake yi."

A kwanar gada muka tarar da motar share ƙanƙara ta tare hanya, tana tafe kamar mai raka amarya. Ba wurin wucewa. Na leƙa na dubi rana, ta kusa takewa. Faɗa ya ƙare mini, sai na koma roƙo, abin da ban taɓa yi mata ba.

"Verla, ƙarya ɗaya ce tak. Duk abin da ya tambaye ki ki ce e. Ni zan ɗauki zunubin, in kai wa Fada shi wurin ikirari ranar Asabar."

"Ba zan yi ƙarya a kan ko wane ne Allah ba, Mama."

"To 'yata ta mutu kenan?"

Ta juya fuska ga gilashi, na ga kafaɗunta na rawa. "Kin san abin da na yi kuwa? Ni mace ce, ba ni da izinin yi wa kowa baftisma. A wurinmu mazan da aka naɗa ne ke yi. Ga shi kuma jariri. Dole in je in faɗa wa bishop ɗinmu da bakina."

"Bishop ɗin nan mai sayar da taya?"

"Shi." Ta share hanci. "Ni na san inda yaron yake, Mama, da ruwa ko ba ruwa. Daga hannuna ya sauka a hannun Ubansa. Hannu na gaske, mai ɗumi, ya tallafe masa kai. Da Nunzia za ta ji wannan…"

"Kada ki kuskura! Kin ɗauke mini ɗa, kin riƙe mini jikoki, yanzu kuma 'yata tana kwance cikin jini za ki kai mata Allahnku mai gemu? Ko kusa da kunnenta kada in ji."

"To, Mama," ta ce.

Matija na zaune a kan baronsa a ƙofar gidan Fada yana zuƙar lofe. Da ya gan mu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni, don dai in san ya duba. Fada Kilbane ya shigar da mu ofis. Ƙaton mutumin Ireland ne, jajur, ba ya rabuwa da tari. Ya ɗauko butar kofi, ya tuna Verla ba ta sha, ya mayar.

"Barka da rana, Mista Kilbane," in ji Verla.

Na mintsine ta. "Fada ake cewa."

"Bar ta," ya ce. "Zauna, 'yata. Faɗa mini abin da kika yi daki-daki. Ke kuma Filomena, in na ji bakinki za ki je ki taya Matija zama."

Verla ta haɗa hannuwa a cinya. "Ruwa na kan murhu. Na sirka, na gwada da gwiwar hannu, na juye a kwanon burodi. Ban san yadda kuke yi ba, ban taɓa gani ba. Sai na yi yadda na ga ana yi a wurinmu. Na ɗaga hannun dama na kira sunansa."

"Wane suna?"

"A wurinmu sai an kira suna. Ba shi da shi, Nunzia kuma ta suma. Na ce Gaetano."

Ban san lokacin da na laluba kujera na zauna ba. Matar nan ba ta taɓa ganin mijina ba sai a hoto, kuma ko sau ɗaya ban taɓa kai ta kabarinsa ba.

"A wurinmu mai yi yakan fara da cewa Yesu Kristi ne ya ba shi izini," ta ci gaba. "Na tsallake wannan, don ba wanda ya aiko ni sai Nunzia. Na ce, Gaetano, ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Na toshe masa hanci na nutsar da shi, na ɗago nan take."

"Nutsarwa kika yi? Dukansa?"

"A'a." Muryarta ta karye. "Abin kenan. Ya harba ƙafa. Babban yatsansa na hagu bai shiga ba, da idona na gani. A wurinmu ko silin gashi ya yi sama sai an sake daga farko, har shaidu ake tsayarwa don wannan kawai. Na so in sake. Amma ya buɗe ido yana rawar sanyi, ɗan jikin nan duk ya yi shuɗi. Na kasa. Na goge shi na cusa shi cikin rigata, a ƙirjina ya cika. Na yi abin da addinina ya hana, kuma ban ma yi shi daidai ba. Ta yaya zan dubi Nunzia in ce mata a kan yatsa ɗaya ɗanta ya rasa?"

Ashe ba taurin kai ba ne ya hana ta saukowa. Ashe abin da ta so faɗa mini kenan a kicin na toshe mata baki. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, na rasa wanne zan fara.

Fada ya cire tabarau ya goge a hankali. "Kansa ya shiga ruwa?"

"Ya shiga."

"'Yata, mu goshi kawai muke jiƙawa. Duk mutanen da ke kwance a cikin shingen can, ban san ko ɗaya da yatsan ƙafarsa ya ga ruwa ba."

Verla ta saki baki. "Goshi kawai? To ai wannan ba…"

Na take mata ƙafa da dukan nauyina, ta haɗiye sauran.

"Ruwa ya yi, kalmomi sun yi," in ji Fada. "Saura ɗaya, ita ce mai wuyar. Kin yi niyyar yin abin da Coci ke yi?"

Ban ɗaga ƙafata daga kan tata ba. Na ƙara dannawa.

"A'a," ta ce.

Na ɗauke ƙafata daga kan tata.

"Ban yarda cocinku na da wannan ikon ba, kuma ban yarda yaron na bukata ba. Ba zan ce na yarda ba."

"Da kika ce Uba, wa kike nufi? Naku ko namu?"

"A nan na tsaya, da yaron a hannuna. Na san yadda nake ganinsa ba haka Nunzia ke ganinsa ba. Sai na ce masa, Uba, wannan ba tawa ba ce, ta Nunzia ce. Duk abin da take nufi shi nake nufi. Duk wanda take kira, ka fi ni saninsa. Ni hannu kawai na ara mata."

Agogon bango na ta bugawa, ni ina jin kowane bugu a haƙorina. Fada ya tashi ya je gaban shiryayyen littattafai, ya miƙa hannu kamar zai zaro ɗaya, ya fasa. Ya yi tari. Ya dawo ya tsaya a kan Verla.

"Coci ba ta ce sai mai yi ya gaskata ba," ya ce. "Cewa ta yi ya nufi abin da take yi. Nunzia 'yar Coci ce, kuma nufinta kika ɗauka sukutum." Ya je ya wangale taga, sanyi ya faɗo ɗakin. "Matija! Ciki! Kusa da kakansa!"

Na kama hannun Fada na sumbata. Na juya ga Verla na rasa abin yi, sai na gyara mata wuyan riga na ce ta rufe ƙirjinta kada ta kwaso mura.

Kafin mu tsaya mu gaya wa Attilio, mu hau tudun gida, hayaƙi ya riga mu. Baƙi, siriri, ya miƙe sak daga cikin shinge. Na hau matakala ina haki, Verla na biye da ni, ta toge a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi shiga.

"Kin gani?" na ce. "Ciki ne! Gefen babanki. Har suna yana da shi, Gaetano. Sha romonki."

Nunzia na kallon hayaƙin, hawaye na zuba. Na zaci shi kenan, an gama. Sai ta juyo.

"Na gani, Mama. To yanzu wa ke riƙe da shi?"

"Yana cikin haske, yana ganin fuskar Allah, tare da mala'iku."

"Ban ce me yake gani ba. Bakwaini ne, Mama, wuyansa ba ya tsayawa. Ni ban ɗauke shi ba ko sau ɗaya. Wa ya tallafe masa kai?"

"Uwarmu Maryamu mana."

Ta nuna ɗan mutum-mutumin Maryamu da ke kan teburina, kusa da carbi. "Duk inda na gan ta nata take riƙe da shi."

Na buɗe baki in ce Yesu, idona ya sauka a kan gicciyen da ke jikin bango, hannuwan nan biyu a kafe da ƙusa. Na san katekizim ɗina tun ina yarinya a Calabria ta ƙasar Italiya, na san amsoshi da ka, amma ba wadda ta yi daidai da wannan tambayar. Romon na nan inda na ajiye shi, mai ya daskare a kansa.

"Verla," na ce, "shigo. Faɗa mata abin da kika faɗa mini a mota."

"Mama, kin ce kada in kuskura."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ki faɗa. Ko sai na roƙe ki sau biyu a rana ɗaya?"

Ta shigo ta durƙusa a gaban kujerar. Ta kama hannuwan Nunzia ta tanƙwara su, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yadda ta riƙe yaron. Ta gaya mata ya buɗe ido, kuma gashinsa baƙi ne irin nata. Ta gaya mata bai mutu a kan tebur ba, a cikin riga ya mutu, a jikin mutum. Sannan ta ce daga hannunta ya sauka a hannun Ubansa, ko ƙasa bai taɓa ba.

"Hannu?" in ji Nunzia.

"Hannu na gaske. Tafi ɗaya ya ishe shi duka, har kan."

"Mai ɗumi?"

"Mai ɗumi."

Nunzia ta daɗe tana kallon hannuwanta a tanƙware. Sannan ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in wani ya gaya mata abu a makaranta.

"Mama, haka ne?"

Verla ma ta ɗago ta dube ni. Na ɗauki kwanon romon, na juya na dubi saman gadona, inda tsohon nan mai farin gemu ke kan gajimarensa, ya miƙo hannu ba komai a ciki.

"Ga shi nan a saman gadona tun kafin a haife ki," na ce. "Buɗe baki."

Ta buɗe.